Injin Uwani da Goron Malam Sallau

Masu tambayata abin da ya sa Malam Sallau ya daina sa farar shaddarsa ranar Juma'a, ku gyara zama. Ni taubashinsa ne, mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, don haka in na tona masa asiri ba cin amana na yi ba, haƙƙina na karɓa. Shi ma ran da na faɗa kwata da babur, bai bar kowa a Funtuwa ba sai da ya ba shi labari, har da kwaikwayon yadda na fito.

Sallau tsohon tela ne, ya ajiye keke tun da idonsa ya fara gardama da kafar allura. Mutum ne mai haƙuri da kunya, ba ya shan taba, ba ya faɗa da kowa. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa a duniya, shi ne goro. Tun muna samari ban taɓa ganin bakinsa fari ba sai da azumi, shi ma zuwa magariba. Ya san daushe, wato goron da ya kwana biyu a ajiye ɗacinsa ya kwanta, ya san marsa manya-manya, kuma daga nesa zai nuna maka wanda tsutsa ta fara ci. Yana da giɓi a sama ta hagu, inda haƙori ya fita tun yana saurayi, saboda haka duk goron da ya gatsa sai ya bar wani ɗan tudu a tsakiyar gatsar. Ko tire guda ka cika da ragowar goron mutanen unguwa, ni zan ware maka na Sallau.

To, bara sai jiri ya fara ɗibarsa. Matarsa Uwani ta tasa shi gaba zuwa asibiti, aka auna aka ce jininsa ya hau. Likita ya ce a rage gishiri, goro kuwa a bar shi kwata-kwata. Da suka dawo gida ta zaunar da shi ta kafa masa doka. Uwani irin matan nan ce da ba sa ɗaga murya, amma in ta yi magana ko kajin gidan sun san an yi.

"Malam, ga yadda za mu yi," in ji ta. "In ka bar goro, zan riƙa ɗan barbaɗa maka gishiri a miya, da ɗan man shanu ranar Juma'a. Ran da na kama ka da goro kuwa, ko ɓari ne, miyar gidan nan ta zama lami ke nan, har Allah ya yi ikonsa."

Sallau ya taɓa kwanciya a asibiti ya ci abinci marar gishiri, kuma har yau in ya tuna sai ya yamutsa fuska. Ya ce mata ya ji ya yarda. Ni da nake zaune a wurin na san bakinsa ne kawai ya yarda.

Sayen goro a ɓoye ba wuya. Taunawa ma ba wuya, mutum ya tauna a hanyar masallaci ya bi da aswaki. Ajiya ita ce aiki. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska, sai an naɗe shi a jiƙaƙƙen algarara, irin tsumman buhun nan, an sa shi wuri mai sanyi da duhu, in ba haka ba ya bushe ya ƙi taunuwa. Uwani kuwa bincike take kamar an ɗauke ta aikin. Tana lalube aljihu, tana leƙa cikin hula, tana ɗaga katifa, ko durowar tsohon keken ɗinkinsa ba ta bari ba. Ya yi tunanin bayan randa, sai ya tuna daga nan take fara shara. Ya gwada barinsa a majalisarmu da ke ƙofar gidansa, ƙarƙashin dalbejiya, abokai suka raba masa gado da ransa.

Ana cikin haka mafita ta zo masa ta inda bai zata ba. 'Yarsu Ladidi da ke aikin jinya a Kaduna ta taɓa aiko wa uwarta injin wanki, irin mai tukunya biyu ɗin nan. Ta hagu babba ce, ita ke wanki da ɗauraya. Ta dama siririya ce mai zurfi, a nan ake cusa jiƙaƙƙun kaya, a rufe murfi, a murɗa maɓalli, ta yi ta juyi da gudu har ta matse ruwan tas, sai a ɗan shanya kayan su sha iska. Uwani ta ɗauki injin nan tamkar autanta. Yana da rigarsa da ta ɗinka masa da tsohon labule, yana da mazauninsa a rumfar tsakar gida, kuma duk baƙuwar da ta zo sai an yi mata bayanin aikinsa daki-daki: wanki, ɗauraya, matsa, sannan shanya. Matata ta sha wannan karatu har ta haddace.

Wata rana tukunyar matsa ta ƙi juyawa. In an murɗa maɓalli sai ta yi ta gurnani a wuri ɗaya kamar mai ciwon haƙori. Uwani ta yi jimami, ta rufe murfin, ta ɗora robar sabulu a kai, ta koma matsa da hannu kafin a kira mai gyara.

Sallau ya zo wucewa zai yi alwala, ya tsaya, ya ɗaga murfin ya leƙa. Ga zurfi, ga duhu, ga sanyi, ga danshi kullum daga tukunyar wanki da ke maƙwabtaka da ita. Kuma wuri ne da Uwani da bakinta ta ce ba ta ƙara buɗewa sai an gyara, don ganinsa ɓata mata rai yake. Ya gaya mini daga baya cewa a tsayen nan sai da ƙwalla ta cika masa ido.

Da kansa ya ja ni ya nuna mini, ran da Uwani ta tafi barka. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro ƙullin algarara ya kwance. Ga goro ja da fari suna sheƙi kamar yanzu aka sauke su daga mota.

"Jatau, ka ga ikon Allah," ya ce. "Tun ina yaro nake ajiyar goro, ban taɓa samun wurin da ya karɓe shi kamar nan ba. Wanda ya ƙera injin nan, ko bai sani ba, ya san haƙƙin goro."

Na ce, "Ran da aka gyara fa?"

Ya ce, "Wa zai kira mai gyaran?"

Sai damina ta sauka. Kun san daminar Funtuwa, a wuni ana yayyafi a kwana ana yayyafi. Kayan da aka matse da hannu sai su yi kwanaki a kan igiya suna ɗiga, har su fara warin danshi. Ga Uwani da sanyin ƙashi a wuyan hannu, in ta murɗe zanen gado ɗaya sai ta zauna ta huta. Gaskiya ni tausayinta na ji, kuma na faɗa wa Sallau. Ya ce shi ma yana ji, shi ya sa yake kama mata ɗaya bakin zanen. Maganar mai gyara kuwa, kullum gobe.

"Malam, ka shanya ni da zancen gyaran nan," ta ce masa wata safiya. "Ni na bushe da jira, kayan ne suka ƙi bushewa."

"Gobe in sha Allahu."

"Goben jiya ce ko wata sabuwa?"

Da ta ga goben ba ta da ranar zuwa, sai ta aika ta hannun maƙwabciyarta aka kira Ado Sifana.

Ado Sifana kowa ya san shi a garin nan. Fanka, firji, dutsen guga, injin markaɗe, injin wanki, duk abin da ke cin wuta in ya mutu wurinsa ake kai gawar. Yana da furfura a gemu, yana da jakar buhu cike da sukundireba da filaya da kayan gyara, sababbi da 'yan kwatano, kuma yana da alfahari da sana'arsa wanda ya fi jakar nauyi. Ka zagi babur ɗinsa ya taya ka dariya, amma kar ka kuskura ka ce akwai injin da ya gagare shi. Abu na biyu da ya kamata ku sani, shi ma goro ya riga ya saye shi.

Ya yi sallama aka yi masa iso. Uwani ta nuna masa injin, ta shiga kicin kawo masa ruwa, ta bar shi da Sallau wanda ke tsaye yana zufa cikin sanyin damina. Ado ya murɗa maɓalli, ya kara kunne ya saurari gurnanin.

"Kafasita ce," ya ce. "Wata 'yar aba ce kamar gwangwanin tumatir, ita ke tura injin ya tashi. Ina da sabuwa a jaka. Kafin Hajiya ta kawo ruwa na gama."

Sai ya ɗaga murfin don ya juya tukunyar da hannu. Ya ji ta da ɗan nauyi. Ya zura hannu, ya zaro ƙulli, ya shinshina. Ya dubi Sallau, Sallau ya dubi ƙofar kicin.

"Malam, wannan kam ba daga kamfani ya zo ba."

"Rufa mini asiri, Ado."

"Daushe ne?"

"Daushe ne. Ɓara ka ji."

Ado ya ɓara, ya gatsa, ya lumshe ido. Kafin Uwani ta fito da kofin ruwa, ƙulli ya koma mazauninsa, murfi ya rufu, robar sabulu ta hau kai. Ado ya kwance marfin bayan injin ya tsuguna yana kallon wayoyi yana girgiza kai, irin girgizar da likita ke yi in zai faɗi magana marar daɗi.

"Hajiya, ciwon ya yi nisa," ya ce. "Abin da ya mutu a cikin nan babu shi a Funtuwa, sai an aiko daga Kano."

Daga ranar Ado ya zama ɗan gida. Ba ya rufa mako bai zo ba, in ya yi sallama sai ya ce ya zo duba mai jiki. Ya kwance marfin baya, su tsuguna shi da Sallau a bayan inji, kai da kai, in ka hango su sai ka ce shawarar aiki suke. Da Uwani ta juya baya hannu ya shiga tukunya. Da farko kayan gyaran suna Kano. Da aka kwana biyu ya ce na Kanon jabu ne, shi ba zai sa wa injin Hajiya jabu ba, sai na Legas. Da zancen Legas ya tsufa ya ce kayan suna cikin jirgin ruwa, kuma teku ta yi tsauri bana. Sunan abin da ya lalace ma kullum canzawa yake. Yau bel, gobe birki, jibi wani abu wai shi ƙashin bayan tukunya, wanda na tabbata ko wanda ya ƙera injin bai taɓa jin sunansa ba. Ladan aiki kuwa Ado ya ce a bari sai mai jiki ya tashi, har Uwani tana yaba masa a unguwa wai mutum ne marar kwaɗayi.

Amma Uwani ba yarinya ba ce. Ta lura Ado yana shigowa da baki fari ya fita da ja. Ta zaci a jakarsa yake shigo da goron yana sam ma mijinta, don haka wata rana ta ce bari ta matsar masa da jakar daga yayyafi, sai jakar ta kife a hannunta, wai tsautsayi. Sukurori suka watse, filaya ta faɗi, babu ko ɓawon goro. Ta taya shi tsincewa tana ba shi haƙuri. Daga ranar ta tabbata akwai goro a gidanta, inda yake kwana ne kawai ba ta sani ba.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, da hantsi. Na shiga gaishe su, na tarar an kawo wuta, Uwani ta wanke farar shaddar Sallau ta Juma'a a tukunyar hagu, ta ɗauraye ta da bula ta zuba a baho. Rigar nan ba ƙaramar riga ba ce a wurinsa, ita ce ta ƙarshe da ya ɗinka wa kansa kafin ya ajiye keke, aikin wuyanta ma da hannu ya yi shi. Ado yana tsugune a bayan inji yana duba mai jiki kamar kullum. Sai aka yi sallama da Sallau a ƙofar gida, wai ana son ganinsa kan yashe kwatar layi, ya fita.

Uwani ta dube ni, ba Ado ba, ta ɗan ɗaga murya yadda za ta kai bayan inji.

"Yaya Jatau, ashe wani sabon mai gyara ya buɗe shago a bakin tasha. An ce injin wanki ko ya shekara da mutuwa tashinsa yake. Na aika ya zo da la'asar."

"Ga Ado fa?" na ce, don in ji ƙarshen zancen.

"Ai Ado ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Kowa da inda saninsa ya tsaya. An ce shi a fanka ya fi ƙwarewa."

Na ga kan Ado ya ɗago a hankali daga bayan inji.

"Hajiya, ni ne na fanka?"

"Ba ni na faɗa ba, mutane ne."

"Su wane ne mutanen?"

"Ka san bakin mutane. Har cewa suke wai na bakin tashar ne zai riƙa koya maka na wanki."

Ado ya jawo jakarsa. Ya zura hannu, ya zaro kafasitar nan da ta daɗe tana yawon gari a ƙasan jakarsa. Ya yanke wayoyin tsohuwar, ya feƙe bakinsu da haƙori, ya haɗa da sabuwar, ya naɗe da salatif, ya mayar da marfin baya ya ɗaure, duk yana huci. Uwani ba ta kula ba, don ta saba ganinsa yana kwancewa yana ɗaurewa ba abin da ke canzawa. Ni kuwa na ga abin da ya shiga, kuma na san sunansa tun ranar farko, don Sallau ya ba ni labari yana dariya. Sai da Ado ya ɗaure sukurun ƙarshe hankalinsa ya dawo jikinsa, ya tuna abin da ke kwance a cikin tukunyar. Ya miƙa hannu wajen murfi, ya ga Uwani tsaye a kansa da baho, ya mayar da hannun ya sosa ƙeya.

Daidai nan Sallau ya dawo yana fara'a.

"Yaya mai jiki, Ado?"

"Da sauƙi, Malam," in ji Ado, yana ƙifta masa ido. "Sauƙi sosai. Sauƙin da ba a zata ba."

Sallau ya ɗauka ƙiftawar da suka saba ce, shi ma ya ƙifta masa.

Uwani ta ajiye baho ta ce, "Kafin na bakin tasha ya zo, bari in buɗe tukunyar nan in goge ta. Ta daɗe a rufe, kar baƙo ya leƙa ya ce mu ƙazamai ne." Ta sa hannu ta ɗauke robar sabulu.

Ban taɓa sanin Sallau yana da sauran gudu a jikinsa ba sai ranar. Kafin hannunta ya kai murfi ya shiga tsakaninta da inji, ya suri jiƙaƙƙiyar shaddarsa daga baho, ya ɗaga murfin da kansa yana kare shi da bayansa, ya cusa rigar a kan ƙullin goro, ya danna ta ciki, ya rufe.

"Wane na bakin tasha?" ya ce yana haki. "Ba wanda zai taɓa injin nan. Abin da ya gagari Ado wa zai iya? Ke dai ba ki yarda ya mutu ba ne. To ga riga na sa, ki tsaya ki gani da idonki, ko motsi ba zai yi ba."

"Malam," in ji Ado. "Malam, da dai ka bari tukuna."

"Bar ni in nuna mata, Ado. Ai mutuncinka nake karewa."

Ado ya juyo ya dube ni, idonsa yana roƙo. Ni kuwa na jawo turmi na kife na gyara zama. Taubashi yana taimako a wurare da yawa, amma ban da irin wannan wuri.

Sallau ya kama maɓalli ya murɗa shi har ƙarshe, ya juyo yana kallon matarsa da murmushin wanda ya gama cin gardama.

Injin ya yi ɗan gurnaninsa na kullum. Sai gurnanin ya canza murya. Sai tukunya ta ɗauka, a hankali, a hankali, sannan ta kwasa da gudu. Murmushin Sallau bai tafi lokaci ɗaya ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa yana jiran bayani.

"Alhamdu lillahi," in ji Uwani. "Ya tashi."

To, ita tukunyar matsa ba ta son kaya su taru a gefe ɗaya, ga shi an danna riga a kan ƙulli ba tsari. Injin ya fara rawa. Ƙullin algarara ya kwance a ciki, goro ya watse, sai ƙara ta tashi, ƙwaram-ƙwaram-ƙwaram, kamar an zuba tsakuwa a garwa ana girgizawa. Injin ya bar mazauninsa ya fara takawa zuwa tsakar gida da 'yan ƙafafunsa. Kaji suka watse. Sallau ya rungume shi, ya ƙi tsayawa. Ya murɗa maɓalli baya, maɓallin ya fito a hannunsa. Da ya rasa dabara sai ya ɗare kan murfin ya zauna.

"Ɗaga murfin, Malam," in ji Ado. "In ka ɗaga birki zai kama, ya tsaya da kansa."

Amma ɗaga murfi shi ne abu ɗaya da Sallau ba zai iya yi ba a duniya, ga Uwani tsaye. Ya ƙara riƙe gefen injin da hannu biyu. Inji na rawa, shi ma yana rawa, kumatunsa na kaɗawa, hularsa ta sauko ta rufe ido ɗaya sannan ta faɗi ƙasa.

"U-u-uwani, ci-ci-cire wa-wayar," ya ce.

Uwani ba ta cire ba. Ba mugunta ta yi ba, hankalinta ne ya tafi wani wuri. Tiyon da ke zubar da ruwa take kallo. Ruwan matsar farar riga da aka sa wa bula ya kamata ya fito fari da ɗan shuɗi-shuɗi. Wannan kuwa ya fara fitowa ruwan ɗorawa, ya koma ja-ja, yana bin siminti yana nufar kwata. Ni a lokacin na riga na sauko daga kan turmi ba da niyya ba, ina riƙe da ciki, hawaye na zuba. Ado ya tattara jakarsa ya rungume, yana auna nisan ƙofa.

Da lokacinsa ya cika injin ya rage gudu don kansa, ya yi wata 'yar ajiyar zuciya ya tsaya, a kusa da igiyar shanya.

"Sauko, Malam," in ji Uwani.

Ya sauko. Ta ɗaga murfi, ta zaro rigar ta warware ta a gabanmu. Gaskiya ta matsu, wannan ba a cewa komai, aikin Ado ya yi kyau. Sai dai farar shadda ta tafi. Tun daga aikin wuya har gindi dabbare-dabbare ne na jan goro, wani wurin kamar taswira, ga ɓarɓashi ya maƙale a cikin zaren aikin. Ta girgiza ta, gutsattsarin goro suka zubo a siminti.

"Tsatsa ce," in ji Sallau. "Inji ya daɗe bai yi aiki ba. Ado, ba tsatsa ba ce?"

Na ga amana da sana'a suna kokawa a fuskar Ado.

"Malam, tukunyar roba ce," ya ce a hankali.

"To na Ado ne. Shi ke shigowa da shi."

"A'a, Malam. Ni baƙo ne a wurin nan, ci nake, ba ni da ajiya."

Uwani ta naɗe hannun rigarta ta zura hannu har kafaɗa, ta zaro algarara, ta zaro sauran goron da suka tsira ta jera a kan murfi. A cikinsu akwai wani ɓari babba, farin marsa, da aka gatsa aka ajiye don anjima. Ta ɗaga shi wajen haske. Ga gatsa nan raɗau, ga ɗan tudun nan a tsakiya.

"Ɓera ne," in ji Sallau, amma muryar ba ta fito sosai ba.

"Allah sarki," ta ce. "Shi ma giɓinsa a hagu yake."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga kicin ta fito da gwangwanin gishiri da kwalbar man shanu, ta miƙo mini.

"Yaya Jatau, kai wa matarka. Mu nan gidan mun gama da su."

Na karɓa, don ba a mayar da hannun kyauta baya. Sallau ya bi gwangwanin da ido tun daga hannunta har aljihuna, kuma a nan ne na ga abin ya kai masa har zuci. Uwani ta saɓa rigar a kafaɗa, ta ɗauki mayafinta da 'yan maƙalan shanya. Ta dubi igiyar tsakar gida, ta wuce ta. A waje kuwa ana jin muryoyin 'yan majalisa sun fara taruwa a ƙarƙashin dalbejiya.

Sallau ya dube ni, ya dubi Ado, ya buɗe hannuwa.

"Jatau, Ado, ku da kuke wurin nan, ku yi magana mana. Ku wanke ni."

Uwani ta tsaya a bakin zaure ta waiwayo.

"Wanki ai an gama shi tun ɗazu, Malam. Matsa ma da hannunka ka yi. Shanya ce ta rage, ita kuma a ƙofar gida zan yi ta."